Aduhelm: Maganin Mantuwa da Hukuma Ta Sa wa Hannu, Likitoci Suka Ƙi Rubutawa

A ranar 7 ga Yunin 2021, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wadda aka fi sani da FDA, ta ba kamfanin Biogen izinin sayar da wani magani mai suna aducanumab, da ya shiga kasuwa da sunan Aduhelm. Rabon hukumar da amincewa da sabon maganin cutar Alzheimer tun 2003, kuma wannan ne na farko da aka ce zai taɓa tushen cutar maimakon lallaɓa alamominta. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, wata bakwai kafin nan hukumar ta tara ƙwararrunta na waje ta tambaye su ko hujjar da kamfanin ya kawo ta isa. A cikin mutum 11 da suka kaɗa ƙuri'a, 10 suka ce a'a, ɗaya ya ce ba shi da tabbas. Babu ko mutum ɗaya da ya ce i.

Kafin a kai ga yadda aka yi hakan, sai an san abin da ake yaƙi da shi. Alzheimer ita ce babba a cikin cututtukan da ke cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da ciwon mantuwa a duniya sun haura miliyan 55, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nasu wannan cutar ce. Tun 1906 likitan nan ɗan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana abu biyu da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu da ciwon: wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zare-zare da suka cukurkuɗe a cikinsu. Daga baya aka gano na farkon wani furotin ne da ake kira amiloid, na biyun kuma tau. A farkon shekarun 1990 ra'ayi ya kafu a tsakanin masu bincike cewa taruwar amiloid ce mafarin ɓarnar, don haka wanda ya share shi ya tare cutar. A kan wannan ra'ayi kamfanoni suka zuba biliyoyin daloli, magani bayan magani yana faɗuwa a gwaji. Bapineuzumab ya faɗi a 2012, solanezumab ya faɗi a 2012 ya sake faɗuwa a 2016. Har wasu masana suka fara cewa ƙila amiloid toka ce kawai, wutar tana wani wuri, kuma kwashe toka bayan gobara ba ya mayar da ɗaki.

Aducanumab ya fito ne daga wata dabara mai ban sha'awa. Wani ƙaramin kamfani a ƙasar Suwizalan, Neurimmune, ya ce a daina ƙera makami daga waje, a je a duba jinin tsofaffin da suka manyanta ƙwarai amma hankalinsu garau, ko jikinsu na da wata garkuwa da ta kare su. Daga nan aka samo wani sinadarin garkuwar jiki da ke manne wa dunƙulallen amiloid, ya jawo ƙwayoyin da ke share datti a ƙwaƙwalwa su cinye shi. Biogen, da ke Massachusetts, ya karɓi lasisinsa a 2007, daga baya kamfanin Eisai na Jafan ya shigo a matsayin abokin tarayya. Ƙaramin gwajin farko da aka buga a mujallar Nature a 2016, mai mutum 165, ya nuna abin da aka daɗe ana nema: a hoton ƙwaƙwalwa amiloid na raguwa, kuma gwargwadon yawan maganin gwargwadon raguwar. Wannan bai taɓa zama abin gardama ba, har yau kowa ya yarda maganin yana share amiloid. Tambayar da ta rage ita ce ko mara lafiyan ya amfana.

Tagwayen gwaji

Don amsa wannan ne aka fara manyan gwaje-gwaje biyu a 2015, EMERGE da ENGAGE. An tsara su iri ɗaya sak, kowanne da mutum sama da 1,600, jimilla kusan 3,300 a ƙasashe 20. Duka masu cutar ne a matakin farko, waɗanda hoto ya tabbatar akwai amiloid a ƙwaƙwalwarsu. Ana ɗaura wa mutum ƙarin ruwa na kimanin awa ɗaya duk mako huɗu har tsawon wata 18. Wasu na samun maganin kaɗan, wasu da yawa, wasu kuma ruwa ne da ba magani a ciki, kuma daga likita har mara lafiya ba wanda ya san rukunin da mutum yake.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan ma'aunin da aka yi amfani da shi, don duk rigimar a kansa take. Likita zai zaunar da mara lafiya, ya kuma zaunar da wanda ke kula da shi, mata ko miji ko ɗa, ya yi ta tambaya a fanni shida. Yana tuna abin da ya faru makon jiya? Ya san ranar yau da inda yake? Yana iya lissafin canji ko yanke shawara idan wata matsala ta taso? Yana fita harkokinsa shi kaɗai? Yana ayyukan gida da abubuwan da ya saba sha'awa? Yana wanka da sa tufafi da kansa? Kowane fanni ana ba shi maki daga 0 zuwa 3, a haɗa ya zama 18, kuma ƙaruwar maki na nufin ƙaruwar ciwo. Mafi ƙanƙantar matakin da likita zai iya rubuta wa mutum ɗaya shi ne rabin maki.

A ranar 21 ga Maris ɗin 2019 Biogen da Eisai suka tsayar da gwaje-gwajen biyu. Wani kwamiti mai zaman kansa ya duba bayanan da aka tara zuwa Disambar 2018, ya ce da wuya a kai ga nasara ko an ci gaba. Hannun jarin Biogen ya zube da kusan kashi 30 cikin 100 a yini guda. Da yawa daga cikin waɗanda suka ba da jikinsu ga gwajin a labarai suka fara jin an tsaya, kafin asibitocinsu su kira su.

Wata bakwai bayan haka, ranar 22 ga Oktoba, kamfanin ya dawo da wani zance. Ya ce tsakanin Disamba da Maris ƙarin mutane sun kammala wata 18 ɗinsu, kuma da aka sake lissafi da su, EMERGE ya yi nasara. Waɗanda ba su sami magani ba makinsu ya ƙaru da 1.74, waɗanda suka sami mai yawa ya ƙaru da 1.35. Bambancin 0.39 ke nan a ma'auni mai maki 18, abin da aka tallata a matsayin rage saurin cutar da kashi 22 cikin 100. Duka rukunonin biyu ciwonsu gaba ya yi, ɗaya dai ya ɗan fi jan ƙafa. Shi kuwa ENGAGE, ɗan'uwansa na tagwaye, bai nuna komai ba: 1.56 ga marasa magani, 1.59 ga masu magani mai yawa.

Kamfanin ya kawo dalili. Ya ce a tsakiyar gwaji an sauya ƙa'ida, aka ba masu ɗauke da ƙwayar halittar gado ta ApoE4 damar samun cikakken awo na miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin jiki, kuma da yake ENGAGE ya riga farawa, mutanensa kaɗan ne suka ci moriyar sauyin. Ya ƙara da cewa wasu 'yan ƙalilan da ciwonsu ya yi gudu fiye da kima sun taru a rukuni ɗaya sun ɓata lissafi. Zancen ba shirme ba ne, yana iya zama gaskiya. Matsalarsa ita ce an samo shi bayan an riga an ga sakamako. Duk wanda aka ba damar zaɓen waɗanda zai ƙirga da waɗanda zai ajiye gefe bayan ya san amsar da yake so, zai iya fitar da nasara daga kusan kowane gwaji. Shi ya sa ake rubuta ƙa'idar lissafi tun kafin a ɗaura wa mutum na farko ruwa. Kuma da hujja iri ɗaya wani zai iya cewa ENGAGE ne ya faɗi gaskiya, EMERGE sa'a ce kawai.

Akwai kuma illa, wadda ba ƙarama ba ce. Kimanin kashi 41 cikin 100 na masu samun cikakken awo, hoton MRI ya nuna kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwarsu, alhali a rukunin marasa magani kusan kashi 10 ne. Kumburin kaɗai ya sami kashi 35, kuma ya fi yawa ga masu ApoE4. Akasarinsu ba su ji komai ba, a hoto aka gani, amma wajen ɗaya cikin huɗu sun yi fama da ciwon kai, jiri, ruɗewa ko tashin zuciya, wasu kaɗan kuma abin ya yi tsanani. Wannan illar ta taɓa ingancin gwajin kansa. A ce an kira wata mata an ce ta kawo mijinta a sake masa hoto, an kuma dakatar da ruwan wannan watan. Ba sai an gaya mata ba, ta gane maganin gaske yake samu. Bayan wata uku ita ce likita zai tambaya ko maigidan yana tuna abubuwa, kuma mai fata yakan ga sauƙi ko da kaɗan ne. Idan bambancin da ake nema bai kai rabin maki ba, irin wannan na iya motsa shi.

Zaman 6 ga Nuwamban 2020

An yi zaman ƙwararrun ne ta intanet saboda annobar korona. Tun daga takardun da aka raba musu suka ga wani abu da ba su saba gani ba: maimakon hukuma ta kawo nata nazarin daban, kamfani ya kawo nasa, sai aka haɗa su a kundi guda, kuma ɓangaren hukumar na yaba maganin. Amma a cikin kundin akwai rahoton masanin ƙididdiga na hukumar, Tristan Massie, wanda ya ce bayanan ba su nuna amfani ba, ana buƙatar gwaji na uku. Mambobin suka bi bayansa. A wannan zaman, shugaban ofishin da ke kula da magungunan ƙwaƙwalwa, Billy Dunn, ya shaida musu cewa hukumar ba ta ɗaukar raguwar amiloid a madadin hujjar amfani.

Da Yuni ya zo, ta wannan ƙofar aka shigo da maganin. Akwai wata hanya ta amincewar gaggawa da aka buɗe a 1992 lokacin da cutar ƙanjamau ke kisa ba magani. Ta ba hukuma damar sakin magani idan ya gyara wata alama da ake kyautata zaton tana hasashen samun sauƙi, da sharaɗin kamfani ya tabbatar daga baya. Ga ƙanjamau da wasu nau'o'in sankara hanyar ta ceci rayuka. Amma an yi ta ne don lokacin da ba a kai ga auna amfanin kai tsaye ba. A nan kuwa an auna, sau biyu, a jikin mutum fiye da dubu uku, amsar ta fito a rabe. Hukumar ta ajiye tambayar da aka yi gwajin dominta, ta amsa wata da ba a yi gardama a kanta ba, kuma ba ta koma ga ƙwararrunta ta ji ra'ayinsu kan sabuwar hanyar ba. A ganina nan ne kuskuren yake, fiye da batun farashi da ya fi ɗaukar hankalin jaridu. Sannan ta ba Biogen har shekara tara ya kawo tabbaci. Takardar izinin farko ma ba ta taƙaita ga masu matakin farko ba, ta buɗe ga duk mai Alzheimer, har da waɗanda ba a taɓa gwada maganin a kan irinsu ba. Sai a Yuli, bayan surutu ya yi yawa, aka gyara.

Mutum uku daga cikin kwamitin suka ajiye muƙaminsu: Joel Perlmutter na Jami'ar Washington da ke St. Louis, David Knopman na asibitin Mayo, da Aaron Kesselheim na Harvard, wanda ya ce da wuya a sami shawarar amincewa da magani da ta fi wannan muni a tarihin Amurka na kusa.

Adalci ne a faɗi abin da ɗaya ɓangaren ke gani. Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka ta matsa ƙwarai a amince, iyalai da dama sun yi magana a gaban kwamitin suna roƙo. Hujjarsu ita ce lokaci. Mai matakin farko ba zai daɗe a matakin ba, idan aka ce a jira gwaji na shekara uku ko huɗu, shi ya riga ya wuce inda maganin zai yi masa aiki. Suka ce a bar mutum da likitansa su zaɓa, ko watanni kaɗan aka ƙara masa yana gane 'ya'yansa, riba ce. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan ciwo ba zai raina wannan magana ba. Sai dai zaɓi na buƙatar sani, kuma abin da likita zai iya gaya wa iyali a 2021 bai wuce cewa gwaji ɗaya ya ce akwai ɗan amfani, ɗaya ya ce babu, kuma mutum huɗu cikin goma za a ga kumburi ko ɗigon jini a hotonsu. Ga baƙaƙen fata ma ko wannan ba za a iya faɗa da ƙarfi ba, don ba su kai kashi 1 cikin 100 na mahalarta gwajin ba, alhali cutar ta fi kama su a Amurka.

Kasuwa ta yanke nata hukuncin

Biogen ya sa farashin dala 56,000 a shekara, ban da kuɗin hotuna da na ɗaura ruwa. Wata cibiya mai zaman kanta da ke auna darajar magunguna, ICER, ta ce idan aka haɗa sakamakon gwaje-gwajen biyu, abin da ya dace bai wuce dala 3,000 zuwa 8,400 ba. Manyan asibitoci irin su Cleveland Clinic da Mount Sinai suka ce ba za su ba da shi ba. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta ƙi sa shi a jerin magungunanta. Daga Yuli zuwa Satumbar 2021, maganin da aka yi hasashen zai kawo biliyoyi, cinikin dala 300,000 kacal ya yi.

Duk da haka sai da tsofaffin Amurka suka biya. Akasarin masu cutar suna ƙarƙashin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu shekara 65 zuwa sama. Don tanadin abin da Aduhelm zai iya ci, aka ɗaga kuɗin da kowa ke biya a wata daga dala 148.50 zuwa 170.10 a 2022, kuma kusan rabin ƙarin saboda shi ne. Mai Alzheimer da wanda ba shi da ita duk suka ji a aljihunsu. A Disambar 2021 kamfanin ya raba farashin biyu, ya koma dala 28,200, a watan kuma hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da shi. A Afrilun 2022 Medicare ta ce ba za ta biya ba sai ga wanda ke cikin gwajin asibiti. Daga nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Wata guda bayan haka aka sanar shugaban kamfanin, Michel Vounatsos, zai sauka.

Binciken da kwamitoci biyu na Majalisar Wakilai suka fitar a ƙarshen Disambar 2022 ya ce tsarin amincewar cike yake da saɓa ƙa'ida. Ya ƙirga aƙalla ganawa, kiran waya da musayar saƙonni 115 tsakanin jami'an hukumar da kamfanin cikin shekara guda daga Yulin 2019, da yawa ba a rubuta su yadda doka ta tanada ba. Rahoton bai ce an ci hanci ba. Abin da ya nuna shi ne mai sa ido da wanda ake sa wa ido sun daɗe suna aiki kafaɗa da kafaɗa har aka kasa bambance muryoyinsu. A wannan watan ne majalisar ta ba FDA ikon tilasta wa kamfani ya fara gwajin tabbatarwa kafin a ba shi izinin gaggawa, da kuma sauƙin janye izinin idan ya gaza.

Wani zai ce ai daga baya gaskiyar hukumar ta fito, tunda magungunan da suka biyo baya ta hanyar share amiloid sun yi aiki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Lecanemab, na Eisai da Biogen ɗin dai, ya sami cikakken izini a Yulin 2023, donanemab na Eli Lilly ya biyo a Yulin 2024. Amma a dubi yadda lecanemab ya zo. An fara babban gwajinsa a Maris ɗin 2019, watan da aka tsayar da na aducanumab. An bar shi ya kai ƙarshe da mutum 1,795, aka yi lissafi yadda aka rubuta tun farko, sakamako ya fito a Satumbar 2022: bambancin 0.45 a wannan ma'auni mai maki 18, kumburin ƙwaƙwalwa kuma kusan kashi 13 cikin 100. Lambar ba ta yi nisa da 0.39 ba. Duk da haka kwamitin ƙwararru ya amince da shi baki ɗaya, Medicare ta biya, likitoci suka rubuta. Har yanzu ana gardama ko iyali za su iya ganin wannan ɗan bambanci da idonsu, kuma hukumar da ke auna tsadar magani a Ingila ta ƙi a saye shi da kuɗin gwamnati saboda amfanin bai kai kuɗin ba. Amma gardama ce a kan girman amfanin, tunda an yarda akwai shi. Da Biogen ya bi shawarar gwaji na uku tun ƙarshen 2019, da wataƙila ya sami amsarsa kusan lokaci ɗaya da lecanemab.

Gwajin tabbatarwa da hukumar ta shardanta, mai suna ENVISION, an tsara shi ya ɗauki mutum 1,500, kuma sai a 2022 aka fara ɗibar mahalarta. A ranar 31 ga Janairun 2024 Biogen ya sanar da cewa ya daina sayar da Aduhelm, ya rufe ENVISION, ya mayar wa Neurimmune haƙƙin maganin, zai maida hankali kan lecanemab. Ya ce shawarar ba ta da alaƙa da illa ko rashin aiki. Waɗanda ke cikin gwajin an ci gaba da ba su har farkon Mayu, masu karɓa da takardar likita kuma har farkon Nuwamban wannan shekarar, sannan aka umarce su su koma ga likitocinsu a duba musu wani maganin.